Jakob Henle: Malamin da ya ga lanƙwasar ƙoda, ya rasu bai san aikinta ba

Ƙodojin baligi guda biyu suna tace kimanin lita 180 na ruwa daga cikin jini a kowace rana, amma fitsarin da yake fitarwa bai cika wuce lita ɗaya da rabi ba. Ragowar, tare da gishirin da ke cikinsa, komawa jiki yake yi ta wasu siraran bututu da ido ba ya iya gani. A tsakiyar kowane bututu akwai wata lanƙwasa mai siffar harafin U, wadda ɗaliban likitanci a ko'ina suke kira da sunan wani Bajamushe, Friedrich Gustav Jakob Henle.

An haifi Henle a watan Yuli, 1809, a garin Fürth na yankin Bavaria. Mahaifinsa Bayahude ne ɗan kasuwa, kuma yana yaro iyalin suka koma addinin Kirista. Ya yi karatun likitanci a jami'o'in Bonn da Heidelberg, ya kammala a 1832, sannan ya bi malaminsa Johannes Müller zuwa Berlin. A ɗakin binciken Müller ya yi aiki kafaɗa da kafaɗa da Theodor Schwann, a zamanin da madubin ƙara girman abu ya fara buɗe wa masana abin da ke cikin tsoka da fata.

Saura ƙiris siyasa ta datse masa hanya. Yana ɗalibi ya shiga wata ƙungiyar ɗalibai masu rajin haɗin kan Jamus, wadda hukumar Prussia take yi wa kallon 'yan tawaye. A 1835 aka kama shi aka tsare, daga baya aka yanke masa ɗaurin shekara shida. Sai da mashahurin masani Alexander von Humboldt ya sa baki aka yi masa afuwa. Tabon bai goge ba a idon mahukunta, don haka da Jami'ar Zurich ta ƙasar Suwizalan ta yi masa tayin kujerar farfesa a 1840, bai yi wata-wata ba.

A wannan shekarar ya wallafa wata maƙala inda ya yi hujja cewa cututtuka masu yaɗuwa wasu ƙananan halittu masu rai ne suke haddasa su. Ba shi da shaidar da zai nuna a ƙarƙashin madubi, kuma likitocin zamaninsa ba su ba maganar muhimmanci ba. A 1841 ya fitar da littafinsa kan ƙirar jiki, wanda ya tsara sassan naman ɗan Adam bisa abin da madubi ya nuna.

A Zurich ne kuma ya haɗu da Elise Egloff, matashiya mai ɗinki da rainon yara a gidan da yake zaune. Bambancin matsayi ya yi yawa a ma'aunin mutanen lokacin, har sai da aka tura ta makaranta ta koyi zaman manyan gida kafin a ɗaura aure a 1846. Zaman bai yi tsawo ba. Tarin fuka ya ɗauke ta a 1848. Henle yana raye a 1882 lokacin da tsohon ɗalibinsa Robert Koch ya gano ƙwayar cutar da ke kawo tarin fuka, ya tabbatar da abin da malamin ya hango shekara arba'in da suka gabata.

Daga Zurich ya koma Heidelberg a 1844, sannan Göttingen a 1852, inda ya zauna har ƙarshen rayuwarsa. A can, a 1862, ya wallafa bincikensa kan ƙoda. Ya yayyanka naman ƙoda sirara-sirara, ya lura cewa wasu bututu suna gangarowa daga bayan ƙodar zuwa can cikinta, su yi kwana, su sake hawowa. Kafin shi babu wanda ya bayyana wannan kwana. Sai dai ya yi kuskure wajen fassara: ya ɗauka bututun masu lanƙwasa tsari ne daban, ba su haɗe da manyan bututun da ke tattara fitsari ba. Cikin 'yan shekaru wasu masana suka gyara wannan, suka nuna hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya tun daga matatar jini har zuwa mafitar fitsari. Game da amfanin lanƙwasar kuwa, Henle ba shi da amsa, haka ma duk wanda ya yi zamani da shi. Ya rasu a Göttingen ranar 13 ga Mayu, 1885, sanadiyyar ciwon daji da ya kama shi a ƙoda.

Amsar ta zo daga wajen da ba a zata ba. Werner Kuhn, masanin kimiyyar sinadarai a Basel, ya kawo shawara a 1942 cewa siffar U ɗin ita ce sirrin. A 1951 shi da Wirz da Hargitay suka kawo shaidar farko, sannan a 1959 Gottschalk da Mylle a Amurka suka tabbatar da ita ta hanyar ɗebo ruwa daga cikin bututun da allura mai tsananin siranta. Ɓangaren da ke gangarawa yana barin ruwa ya fita. Ɓangaren da ke hawowa ba ya barin ruwa ya ratsa shi, sai dai ya riƙa turo gishiri waje. Da haka gishiri yake taruwa a can cikin ƙoda, kuma idan fitsari ya biyo ta wurin a hanyarsa ta fita, gishirin sai ya janye ruwan da jiki ke bukata. Wannan ne ya sa mutum zai iya fitar da fitsarin da ya ninka jininsa kauri kusan sau huɗu. Mai azumin da ya wuni a ofis cikin zafin bazara, ya ga fitsarinsa ya ragu ya yi duhu da la'asar, aikin wannan lanƙwasa yake gani. Ɓerayen hamada, waɗanda da wuya su sha ruwa, lanƙwasarsu doguwa ce ƙwarai.

Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na sodiyam ɗin da ƙoda ta tace a nan yake komawa jini, haka ma wani kaso na kalsiyam da mafi yawan magnesiyam. Shi ya sa idan wurin ya samu matsala, ma'aunin ma'adinan jiki gaba ɗaya yake rikicewa. A 1962, shekara ɗari cif bayan binciken Henle, likita Frederic Bartter ya bayyana wata cuta ta gado da ke sa yara yawan fitsari da ƙishirwa, da ƙarancin fotasiyam a jini, da tsumburewa. Daga baya aka gano cewa ɓangaren mai hawowa ne ya gaza riƙe gishiri. Maganin furosemide, wanda aka fi sani da Lasix, da ake ba masu kumburin ƙafa ko ciwon zuciya a asibitoci, da gangan yake toshe wannan ɓangare domin ruwa ya fita. Tare da ruwan fotasiyam yake zubewa, kuma ƙarancinsa na iya kawo kasala da murɗewar tsoka har da rikicewar bugun zuciya, dalilin da ya sa likita kan nemi mai shan maganin ya riƙa zuwa gwajin jini lokaci zuwa lokaci.