Fela Sowande: Makaɗin da ya ratsa zamanin piyano, ogan da lantarki

Idan aka ambaci Fela a Legas, hankali yakan koma ga Fela Anikulapo-Kuti. Amma akwai wani Fela da ya girme shi da shekara 33, wanda masana ke ɗauka a matsayin uban kiɗan zamani na rubuce a Najeriya. Shi ne Olufela Obafunmilayo Sowande, wanda ya yi wani yanki na rayuwarsa yana aikin gwamnati a gidan rediyo.

An haife shi ranar 29 ga Mayu, 1905, a ƙasar Yarabawa. Mahaifinsa, Emmanuel Sowande, limamin cocin Angilika ne mai sha'awar waƙoƙin ibada. Yaron ya yi karatu a makarantar CMS da King's College a Legas, ya kuma koyi kiɗa a hannun T.K.E. Phillips, makaɗin ogan na babban cocin Christ Church.

A 1934 ya tafi Landan da niyyar karatun injiniya, sai kiɗa ya rinjaye shi. A 1936 ya kaɗa piyano a Rhapsody in Blue ta George Gershwin. Ya yi wasa tare da Fats Waller, ya kuma raka muryar mawaƙiya Adelaide Hall a faifai. A waɗannan shekaru ne ya shahara da ogan ɗin Hammond mai aiki da lantarki, wanda ya shigo kasuwa a 1935.

Wannan sauyi ba ƙaramin abu ba ne ga hannun makaɗi. A cikin piyano, kowane maɓalli yana ɗaga 'yar guduma ta bugi tsirkiya, tsarin da Bartolomeo Cristofori ya ƙirƙiro a Italiya wajen 1700. Shi ya sa maɓallin ke da nauyi, kuma ƙarfin yatsa ne ke sa sauti ya yi amo ko ya yi laushi. A Hammond kuwa maɓallan ba su da wannan nauyi, da ƙafa ake ƙara sauti ko a rage. Sowande ya ƙware a duka biyun, ya kuma ɗora da babban ogan mai bututu. A 1943 ya sami shaidar ƙwarewa mafi girma ta Royal College of Organists, kuma daga 1945 zuwa 1952 shi ne makaɗin ogan na cocin Methodist da ke Kingsway Hall.

Abin da ya dame shi ya wuce na'ura. Yarabanci, kamar Hausa, harshe ne mai karin sauti, kuma waƙoƙin Turawa da aka ɗora wa kalmomin gida sukan karya ma'anarsu. Sai ya ɗauki karin waƙoƙin ƙasarsa ya gina manyan ayyuka a kansu, ciki har da African Suite ta 1944. Ɗaya daga cikin ayyukansa na ogan sunanta Obangiji, kalmar da Yarabawa suka aro daga Ubangiji na Hausa. Irin wannan aro ya samo asali ne daga tsohuwar cuɗanyar fatauci, wadda har yau ake ganin ta a unguwannin Hausawan Legas kamar Agege, inda cinikin goro da tashar jirgin ƙasa suka tara jama'ar Arewa.

A 1953 ya dawo gida ya shugabanci sashen kiɗa na gidan rediyon Najeriya, inda ya ba da ƙarfi ga tattara kaɗe-kaɗen gargajiya da nazarinsu. Ya rubuta Folk Symphony domin bikin 'yancin kai na 1960, ya kuma yi bincike a Jami'ar Ibadan. A 1968 ya koma Amurka, ya koyar a jami'o'in Howard, Pittsburgh da Kent State. Ya rasu a Ravenna ta jihar Ohio ranar 13 ga Maris, 1987, yana da shekara 81.

Shekara 4 kafin rasuwarsa, a 1983, kamfanonin kayan kiɗa suka amince da tsarin MIDI. A ƙarƙashinsa allon maɓallai ba ya buƙatar sautin kansa: yana aika wa kwamfuta lambar maɓallin da aka taɓa da saurin bugunsa, a ma'aunin da ke tsayawa a 127, manhaja kuma ta fitar da sautin. Da irin wannan allo matasa ke haɗa waƙa yanzu a ƙananan ɗakunan ɗaukar sauti daga Agege zuwa Kano. Duk da haka, masu ƙera manyan alluna masu maɓalli 88 har yau suna saka musu ƙarfe mai kwaikwayon gudumar piyano, domin yatsan da bai saba da nauyi ba da wuya ya iya rarrabe bugu mai laushi da mai ƙarfi.

Sowande bai ƙi sabuwar na'ura ba a zamaninsa, amma ya same ta da hannu horarre da kunne mai jin harshen gida. Kuɗi na iya sayen allo da manhaja a rana ɗaya. Horon hannu da adana karin waƙoƙin al'umma kuwa aiki ne na makarantu da gidajen rediyo da hukumomin al'adu, kuma a irin wannan ofis ne shi ma ya yi nasa.