Frank Gilbreth, Birkilan da Ya Fara Zana Tafiyar Aiki

'Yan uwa ɗalibai, duk wanda ya kai shekarar ƙarshe a sashen kwamfuta ko na kasuwanci ya san gardamar nan ta lokacin furojet: da BPMN za a zana tafiyar aiki, ko da UML? Ni dai a ganina, kafin mu zaɓa gara mu san birkilan da ya share mana fagen.

An haifi Frank Gilbreth a 1868 a jihar Maine ta Amurka. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara uku. Ya ci jarrabawar shiga MIT, amma ya tafi koyon gini a Boston yana da shekara 17. Nan ya lura cewa kowane birkila da nasa salon, kuma yadda yake koyarwa daban da yadda yake yi in yana sauri. Sai ya shiga ƙirga motsin jiki. Ya ƙera dakalin tsayuwa mai ɗagawa don a daina sunkuyo ana ɗaukar bulo, ya rage motsi 18 zuwa kimanin 5. Mai jera bulo 120 a awa ya koma jera 350.

A 1904 ya auri Lillian Moller, wadda daga baya ta yi digirin digirgir a ilimin halayyar ɗan Adam. Sun haifi 'ya'ya 12. Tare suka riƙa ɗaukar ma'aikata a fim da agogo a gefe, suna neman inda ƙarfi ke zubewa a banza. Har ɗakin tiyata suka shiga, suka ba da shawarar nas ta riƙa miƙa wa likita kayan aiki maimakon ya tsaya lalube.

A 1921 suka gabatar da jadawalin tafiyar aiki ga ƙungiyar injiniyoyi ta ASME. A 1947 ƙungiyar ta tsayar da alamomi biyar daga aikinsu: da'ira aiki ne, kibiya jigila, murabba'i dubawa, harafin D jira, alwatika ajiya.

To, a auna da na zamani. BPMN, da ya fito a 2004, gwani ne wajen nuna wane ofis ke yin me. Zanen ayyuka na UML ya fi yi wa mai rubuta manhaja amfani. Ragar Petri ta 1962 lissafi ce da ke gano inda tsari zai cije. Amma abin da ya fi burge ni a tsohon jadawalin shi ne harafin D. Ka zana rajistar sabon ɗalibi da shi, za ka ga aikin kansa 'yan mintoci ne, sauran duk layi ne da yawo da fayil. In zanenka bai nuna wannan ba, wallahi manhajar da za ka rubuta layin kawai za ta mayar cikin kwamfuta.

Gilbreth ya rasu ranar 14 ga Yuni, 1924, sakamakon bugun zuciya a tashar jirgin ƙasa ta Montclair, yana da shekara 55. Lillian ta riƙe yaran da aikin, har ta zama farfesa a Jami'ar Purdue. Ta rasu a 1972.

Saboda haka kafin ka buɗe laftof, ɗauki biro ka bi takarda guda daga tebur zuwa tebur, ka ƙirga sau nawa ta tsaya. Zaɓen salon zane ya biyo baya.