Edsel Ford (1893-1943): mutumin da aka ɗora wa sunanshi asarar da bai yi ba

A ƙasar Amurka, idan wani sabon kaya ya fito kasuwa da ganguna da kirari, sannan ya rasa mai saye, sai a kira shi Edsel. Sunan wata mota ce da kamfanin Ford ya fitar a shekara ta 1957. Amma kafin motar, sunan mutum ne, wanda ya riga ya yi shekara 14 a kabari sa'ad da aka ƙera ta. Ga tarihin wannan mutum, da yadda zamani ya juya da sunanshi.

An haifi Edsel Bryant Ford a birnin Ditroyit, cikin jihar Mishigan, ran 6 ga watan Nuwamba 1893. Shi kaɗai ne ɗan da Henry Ford da matarshi Clara suka samu. A lokacin mahaifinshi ma'aikaci ne a wani kamfanin lantarki, yana ƙoƙarin haɗa injin mota a gida in ya taso daga aiki. Yaron yana da shekara 9 aka kafa kamfanin Ford, a 1903; yana da 14 aka fitar da mota Model T, wadda ta sa talakan Amurka ya mallaki abin hawa. Saboda haka tare da kamfanin ya girma. Da ya gama lakwal bai wuce jami'a ba, ya shiga ma'aikatar ubanshi. A 1916 ya auri Eleanor Clay, suka haifi ɗiya 4: Henry na biyu, da Benson, da Josephine, da William.

A farkon shekara ta 1919 aka naɗa shi shugaban kamfanin, yana da shekara 25. Sarautar kuwa ta suna ce, gama iko bai bar hannun tsohon ba. Halin uba da na ɗa ya bambanta ƙwarai. Henry mutum ne mai kafiya, wanda ya gaskata cewa mota ƙarfi da araha kawai take bukata. Edsel mai sanyin hali ne da ladabi, yana son zane da kyan sura, yana kuma lura da abin da masu saye suke so. Sau da yawa ya ba da umurni, mahaifinshi ya warware shi a gaban manyan ma'aikata. Bai taɓa fita daga kamfanin ba, bai kuma ɗaga murya ga ubanshi cikin jama'a ba. Da haƙuri ya riƙa cin nasara kaɗan-kaɗan.

Babbar gardamarsu a kan Model T ce. Wajen 1925 motar ta tsufa, kamfanin General Motors yana janye masu saye da Chevrolet, mai launi iri-iri da daɗin zama. Edsel ya yi shekaru yana roƙon a sake sabuwa, tsohon yana ƙi. Sai a watan Mayu 1927, bayan an ƙera Model T miliyon 15, aka tsai da ita. A watan Disamba na wannan shekara aka fitar da Model A, wadda Edsel ya kula da siffar jikinta da launinta. An sayar da fiye da miliyon 4 kafin ƙarshen 1931. Haka kuma ya daɗe yana neman a sa birki mai aiki da mai maimakon na sanda da waya, ba a yarda ba sai 1939, bayan sauran manyan kamfanoni sun riga su.

Inda ya samu sakewa shi ne kamfanin Lincoln, mai ƙera motocin manya, wanda Ford ya saya a 1922 a kan dalar Amurka miliyon 8. Can ne ya yi aiki da wani matashin mai zane, Eugene Gregorie, suka fitar da Lincoln Zephyr, sannan Mercury a 1938. A farkon 1939 ya sa aka ƙera mishi wata doguwar mota mai gajeren tsayi don hutunshi a Fulorida. Abokanshi da suka gan ta suka nemi irinta, aka shiga ƙera ta da sunan Continental. A 1951 gidan adana zane-zanen zamani na birnin Niyok ya nuna ta cikin motoci 8 da ya zaɓa saboda kyan ƙirarsu.

Dukiyarshi ba ta tsaya ga mota ba. Shi ya biya mai zanen nan na Meksiko, Diego Rivera, ya zana aikin ma'aikatan ƙarfe a bangon gidan zane na Ditroyit a 1932 da 1933, ya kuma kare zanen sa'ad da waɗansu suka nemi a shafe shi. Ya taimaki matuƙin jirgin sama Richard Byrd a tafiye-tafiyenshi zuwa ƙarshen duniya na arewa da na kudu. A 1936 ya kafa Gidauniyar Ford da dala 25,000, wadda daga baya ta zama ɗaya daga cikin manyan gidauniyoyin taimako na duniya.

Shekarunshi na ƙarshe na wahala ne. Mahaifinshi ya jingina ga wani mutum mai taurin hannu, Harry Bennett, shugaban masu tsaron ma'aikata, wanda mutanenshi suka yi wa wakilan ƙungiyar ƙwadago, wato sandika, dukan tsiya a 1937. Edsel yana ganin a zauna a daidaita, amma ba a saurare shi ba sai da yajin aiki na 1941 ya tilasta. Da yaƙin duniya na biyu ya zo, shi ya tsaya kan ginin ma'aikatar Willow Run, inda aka ƙera jiragen yaƙi B-24 fiye da 8,600. Yana wannan aiki ciwon daji yana cin cikinshi. An yi mishi aiki a farkon 1942, bai warke ba. Ya rasu ran 26 ga watan Mayu 1943, yana da shekara 49. Tsohon, mai kusan shekara 80, ya sake karɓar shugabanci, har jikanshi Henry na biyu ya gaje shi a 1945.

Shekara 10 bayan haka kamfanin ya ƙudura fitar da sabuwar mota mai matsakaicin farashi. An tara sunaye dubbai, ba a gamsu da ko ɗaya ba, a ƙarshe shugaban majalisar kamfanin, Ernest Breech, ya zaɓi sunan marigayin, ko da yake iyalin ba su so ba da farko. An kashe wajen dala miliyon 250, an yi wata da watanni ana talla ba tare da nuna motar ba. Ran 4 ga watan Satumba 1957 jama'a suka cika shagunan dillalai, suka kalla, suka koma gida.

Dalilan faɗuwarta sananni ne. Tattalin arzikin Amurka ya ja baya a daidai lokacin, mutane suka koma ga ƙananan motoci marasa shan mai. Farashinta ya shiga cikin na Mercury, har mai saye ya rasa wadda ta fi wata. Ba ta da ma'aikata tata. A layin Ford da na Mercury ake haɗa ta, ta kan iso wurin dillali da gyara a jikinta. Maɓallan sauya giya da aka dasa a tsakiyar sitiyari suna yawan lalacewa. Hancinta kuma, mai tsawo a tsaye, aka riƙa kwatanta shi da ƙawanyar wuyan dokin amalanke. An yi tsammanin sayar da 200,000 a shekarar farko, aka samu wajen sulusin haka. Ran 19 ga watan Nuwamba 1959 aka tsai da ita, bayan an ƙera wajen 118,000 duka-duka. Cikin manyan da suka matsa a yi hakan akwai Robert McNamara, wanda daga baya ya shugabanci Bankin Duniya daga 1968 zuwa 1981.

Da haka sunan mutumin da ya fi kowa sanin kyan mota a gidan Ford ya zama abin dariya saboda motar da bai taɓa gani ba. Amma da tsohuwar zuma ake magani. Tun ƙarshen shekarun 1960 masu riƙe da Edsel suka kafa ƙungiyoyi, suna musayar kayan gyara, suna taruwa kowace shekara. Abin da ya kashe ta a kasuwa shi ya raya ta wurin masu tara tsofaffin motoci: ba a yi ta da yawa ba, siffarta ba ta kama da ta kowa, labarinta kuma kowa ya san shi. A ƙirar 1960 motoci 2,846 kawai aka yi, 76 daga ciki masu rufin tanti da ake naɗewa. Irin waɗannan su ne ake rububi a kansu a gwanjo, da kuɗin da ya ninka farashinsu na farko sau da yawa. Masu ƙofa huɗu na yau da kullum ba su kai wannan daraja ba. Tsufa kaɗai ba ya ɗaukaka mota. Sai ƙaranci da labari sun haɗu, an kuma samu masu ƙauna da suka hana ta zama tarkace.

Motocin da Edsel ya sa hannu a kansu da kanshi ba su jira wannan juyi ba. Wata motar tsere ta yawo da Gregorie ya zana mishi a 1934 an sayar da ita a gwanjo a 2008 a kan dala miliyon 1 da dubu 760. Gidanshi na bakin tafkin Saint Clair, wanda matarshi ta bari don amfanin jama'a da ta rasu a 1976, ya zama wurin ziyara, inda baƙi ke ganin ɗakunan da ya zauna da zane-zanen da ya tara.