Chet Atkins, Yaron Da Ya Koyi Jita Da Kunne

Da yawa cikin samarinmu suna koyon kaɗa jita yanzu, waɗansu kuwa sukan gaji tun yatsunsu ba su saba da tsirkiya ba. Domin wannan mun ga ya kamata mu ba ku labarin Chet Atkins, mutumin Amurka.

An haife shi ran 20 ga Yuni, 1924, a Luttrell, wani ƙauye na jihar Tenesi. Gidansu matalauta ne. Tun yana ƙarami mahaifansa suka rabu. Da ya kai shekara 9 ya ba ɗan'uwansa wata tsohuwar ƙaramar bindiga, ya karɓi jita a madadinta. Ga shi kuma yana fama da ciwon fuka, har aka aike shi wurin ubansa a jihar Jojiya domin ya sami sauƙi. Da dare ba ya iya kwanciya saboda numfashi, sai ya zauna bisa kujera yana kaɗa jita har barci ya ɗauke shi. Ciwon da ya hana shi wasa da yara, shi ne ya ba shi zarafin koyo.

A 1939 ya ji wani makaɗi a rediyo, sunansa Merle Travis. Kiɗan ya shiga zuciyarsa ƙwarai, gama mutum ɗaya ne ke kaɗawa, amma sai ka ce biyu ne. Ga asirin abin: babban yatsa yana bugun tsirkiyoyi masu kaurin murya, yana riƙe da lokaci kamar ganga, wani yatsa kuma yana fid da muryar waƙa a sirara. Chet ba ya ganin hannun mutumin, kunne kaɗai ya ke da shi. Ya aza ba shi yiwuwa a yi wannan sai da yatsu da yawa, sai ya dinga gwadawa da babban yatsa da waɗansu biyu ko uku. Ashe Travis da yatsu biyu kaɗai ya ke yi. Ta haka almajiri ya sami hanyar kansa, wadda ta fi ta malaminsa taushi da yawan ado.

A 1942 ya sami aiki a gidan rediyo na Knoxville. Amma bai sami karɓuwa nan da nan ba. Yana ƙaunar kiɗan jaz, musamman na Django Reinhardt na Faransa, yakan kuma sa shi cikin kiɗan kantiri, wato kiɗan mutanen karkara. Masu gidajen rediyo suka ga kiɗansa ya yi nisa da na ƙauye, aka sallame shi ba sau ɗaya ba. Bai bar hanyarsa ba, bai kuwa fasa koyo ba.

A 1947 kamfanin RCA Victor ya fara buga fayafayansa. A 1950 ya koma birnin Nashbil, a 1957 kuma aka danƙa masa aikin kamfanin a can. Shi ne ya shirya fayafayai da yawa na Jim Reeves, wanda muryarsa ta shiga gidaje da dama a Nijeriya. Shi ne kuma ya karɓi Charley Pride, mawaƙi baƙar fata, a zamanin da wariyar launi ta ke da ƙarfi a kudancin Amurka. A 1962 ya fid da faifai na waƙoƙin sujada da jita.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne, girma bai sa ya manta da malaminsa ba. Ya raɗa wa 'yarsa suna Merle. A 1974 su biyu suka yi faifai tare, aka ba su kyautar Grammy. Wani yaro kuma, Tommy Emmanuel, ya rubuto masa wasiƙa daga Ostareliya, Chet ya amsa masa. Yaron nan ya zama gwani, har suka yi faifai tare a 1997. Chet ya rasu a Nashbil ran 30 ga Yuni, 2001, yana da shekara 77.

Ku masu koyo, kada rashin malami ko tsufan jitarku ya karya muku zuciya. Ku kasa kunne da kyau, ku hori babban yatsa tukuna har ya riƙe lokaci shi kaɗai, kāna ku ƙara sauran. In kun iya kuma, ku tuna da wanda kuka koya daga gare shi, ku koya wa na bayanku.