Thierry Sabine: Bafaranshen da ya biyo da tseren Paris-Dakar ta Agadas da Yamai

Duk wanda ya mallaki hankalinsa a Yamai ko Agadas a shekarun 1980 ba zai manta da watan Janairu ba, lokacin da motoci da babura da manyan motocin kaya ke shigowa gari buɗu-buɗu da ƙura, Turawa na sauka suna neman ruwa da mai da abinci. Mutumin da ya ƙirƙiro wannan tsere mai suna Paris-Dakar shi ne marigayi Thierry Sabine, wanda a birnin Yamai ya yi kwanansa na ƙarshe a duniya.

An haifi Sabine a ranar 13 ga watan Yuni, 1949 a Neuilly-sur-Seine, wata unguwar masu hannu da shuni da ke gefen birnin Paris na ƙasar Faransa. Mahaifinsa Gilbert likitan haƙori ne mai sha'awar tseren motoci, shi ya sa yaron ya tashi da wannan sha'awa. Tun yana saurayi yake shiga tsere, amma an fi saninsa da iya shiryawa. A 1975 ya kafa tseren babura a rairayin bakin teku na garin Le Touquet da ke arewacin Faransa.

Rayuwarsa ta sake hanya ne a 1977, sa'ad da ya shiga tseren Abidjan zuwa Nice a kan babur. Yana cikin tafiya ya ɓace a hamadar da ke kusa da iyakar Nijar da Libiya, inda ya shafe kwanaki shi kaɗai, ga ƙishirwa ga zafin rana, har sai da wani jirgin sama na masu nemansa ya hango shi. Wani da ya sha irin wannan wuya ba zai sake waiwayar hamada ba. Shi kuwa sai ya koma gida da ƙudurin kawo ɗaruruwan mutane su ga wurin da ya kusa cin ransa.

A ranar 26 ga Disamba, 1978 ababen hawa 182 suka tashi daga Paris. Sun ƙetare teku zuwa Aljeriya, suka ratso Tamanrasset zuwa Agadas, daga nan Yamai, sannan Gao da Bamako a Mali, har suka isa Dakar ta ƙasar Senegal a ranar 14 ga Janairu, 1979. Tafiyar kimanin kilomita 10,000 ce, kuma 74 kawai suka kai ƙarshe. Wani matashi mai suna Cyril Neveu ne ya zo na ɗaya a kan babur ƙirar Yamaha.

Nan da nan sunan tseren ya kai kunnen manyan direbobi na gasar Formula 1, wato gasar da ta fi kowace daraja a duniya, wadda ake yi da ƙananan motoci masu kujera ɗaya da tayoyi a waje, a kan kwalta mai santsi. Ɗaya daga cikinsu shi ne Jacky Ickx ɗan ƙasar Beljiyam, wanda ya ci manyan tsere 8 a Formula 1, ya kuma zo na biyu a duniya a 1969 da 1970. Ickx ya zo ya gwada rairayi, ya kuma lashe Paris-Dakar na 1983 da mota ƙirar Mercedes.

A wannan shekara ta 1983 ne tseren ya fara ratsa hamadar Tenere. Guguwar rairayi ta taso, mutane kusan 40 suka ɓace. Sabine, wanda ya san ɗacin ɓata, ya shiga jirgi mai saukar ungulu ya yi ta shawagi har kwana huɗu, sai da aka gano su duka. Wannan ne ya ƙara masa ƙima a idon masu tsere.

Ga 'yan kasuwar Nijar kuwa, zuwan ayarin tamkar ranar babbar kasuwa ne. Masu sayar da mai, kanikawa, masu gyaran taya, masu masauki da mata masu abinci kowa na samun rabonsa. Maƙeran Agadas na sayar da kayan azurfa, dukawa na sayar da jakunkuna da takalma. Hotunan Tenere da duwatsun Abzin da gidajen talabijin suka riƙa nunawa a Turai sun jawo masu yawon buɗe ido. Mano Dayak, wanda filin jirgin saman Agadas ke ɗauke da sunansa, abokin Sabine ne, kuma yana cikin waɗanda suka taimaka wa tseren a hamada.

Sai dai ba a rasa masu kuka ba. Motocin na ratsa ƙauyuka da mugun gudu, kuma a shekaru daban-daban sun kaɗe mutanen gari, har da yara ƙanana, a ƙasashen da suke bi. Wasu kuma na ganin bai dace a riƙa ƙona dukiya a wasa ba a gaban mutanen da farin 1984 ya karkashe wa dabbobi. Ana cikin wannan suka ne aka haɗa tseren 1986 da shirin raba injinan ban-ruwa ga ƙauyukan Sahel, tare da shahararren mawaƙin Faransa Daniel Balavoine.

A ranar 13 ga Janairu, 1986 ayarin ya huta a Yamai. Washegari da asuba aka kama hanyar Gourma-Rharous a ƙasar Mali. Sabine da Balavoine sun tsaya a Gao, inda aka buɗe wasan ƙwallon ƙafa tsakanin Gao da Mopti, abin da ya sa suka makara. Duhu ya riske su a sama ga kuma iska mai ƙura, jirginsu mai saukar ungulu ya faɗi 'yan kilomitoci kafin Gourma-Rharous. Mutane biyar ɗin da ke ciki duk sun rasu: Sabine, da Balavoine, da matuƙin jirgin François-Xavier Bagnoud, da 'yar jarida Nathalie Odent, da ma'aikacin rediyo Jean-Paul Le Fur. Sabine yana da shekara 36. Duk da haka aka ci gaba da tsere har Dakar, inda René Metge ya zo na ɗaya da mota ƙirar Porsche, Ickx ya biyo shi.

An ƙona gawarsa kamar yadda wasu Turawa ke yi, aka watsa tokar a gindin wata bishiya tilo a cikin Tenere, wadda tun daga nan ake kiran ta da sunansa. Kada a haɗa ta da tsohuwar bishiyar Tenere da wata mota ta ture a 1973, wadda ke ajiye a gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai.

Mahaifinsa ne ya ci gaba da riƙe tseren na wasu shekaru. Daga baya rashin tsaro ya yi ta ture shi. A 2000 ayarin ya tsaya cak a Yamai saboda barazanar hari, aka kwashe motocin a manyan jiragen sama zuwa Libiya. A 2008 aka soke tseren gaba ɗaya bayan kashe Faransawa huɗu a Muritaniya. Daga 2009 aka mayar da shi Kudancin Amurka, sannan Saudiyya daga 2020. Har yanzu ana kiran sa Dakar, amma cinikin da yake kawo wa kasuwannin Agadas da Yamai ya tafi tare da zaman lafiyar hanya.