ABDULMUƊƊALIB DA BAKANCEN YANKA ƊA

'Yan uwa, sunansa na yanka Shaiba ɗan Hashim. Ya tashi a Yasriba wajen mahaifiyarsa Salma, har baffansa Muɗɗalib ya ɗauko shi zuwa Makka.

Lokacin da ya sake tono rijiyar Zamzam, Ƙuraishawa suka taso masa, ga shi ɗansa ɗaya tal, Harisu. Sai ya yi bakance: in ya samu 'ya'ya maza 10 da za su tsaya masa, zai yanka ɗaya a Ka'aba. Suka cika, ƙuri'a ta faɗa kan Abdullahi. Ƙuraishawa suka hana shi, kar abin ya zama al'ada. Aka dinga ƙara raƙuma goma-goma ana sake ƙuri'a, sai da suka kai 100 ta faɗa kansu. Abdullahin nan shi ya haifi Manzon Allah (SAW). Kakan ya riƙi marayan har ya rasu wajen shekarar 578, jikan yana ɗan shekara 8.

A littattafan Bani Isra'ila akwai Yefta, wanda irin wannan bakance ya faɗa kan 'yarsa. Har yau malamansu na saɓani: yanka ta ya yi, ko keɓe ta ya yi don bauta?

Mu dai an raba mana gardama: bakancen saɓo ba a cika shi. Shi ya sa nake ce wa manomanmu na Bunkure, kar zumuɗin shinkafa ko fushi ya sa ka yi bakancen da zai cuci iyalinka.

Allah Ya tsare harsunanmu.