WALIYYI CHARLES DE FOUCAULD: SOJAN DA YA TUBA YA ZAMA ƊAN'UWAN KOWA

Kowace shekara ran 1 ga Disamba, wajen lokacin da muke shirin zuwan Ubangiji, Ikilisiya tana tunawa da wani firist mutumin Faransa wanda ya ƙare kwanakinsa a tsakiyar hamadar Sahara. Garin da ya zauna, Tamanrasset, yana kan hanyar da ta tashi daga Kano ta bi ta Damagaram da Agadas har cikin Aljeriya. Sunansa Charles de Foucauld. Ya yi shekara goma sha biyu ba ya ba da gaskiya ga Allah, sa'an nan ya yi shekara talatin ba abin da yake nema sai Allah. Ya kamata iyayen da 'ya'yansu suka bar Ikilisiya su san labarinsa, haka kuma dukanmu da muke zaune tare da maƙwabta Musulmi.

Maraya mai dukiya

An haifi Charles ran 15 ga Satumba 1858 a birnin Strasbourg, a gidan sarauta da arziki. Kafin ya cika shekara shida, a cikin 1864, mahaifiyarsa ta rasu, bayan 'yan watanni mahaifinsa ya bi ta. Kakansa na wajen uwa, wani tsohon kanar na soja, shi ya ɗauke shi tare da ƙanwarsa. Tsohon yana ƙaunar jikansa ƙwarai, amma ba ya iya tsawata masa. Yaron ya karɓi Jikin Ubangiji karo na fari a 1872. Ba a daɗe ba ya shiga karance-karance iri iri ba mai yi masa jagora, shakka ta cika masa zuciya, har ya kai shekara goma sha shida ya rabu da addu'a da bangaskiya gaba ɗaya.

A 1876 ya shiga makarantar hafsoshin soja ta Saint-Cyr. Kakansa ya rasu a 1878, gādo mai yawa ya faɗo hannunsa, sai ya buɗe wa kansa ƙofar ci da sha da shagali. Da ya wuce makarantar sojan doki ta Saumur, a cikin ɗalibai 87 shi ne ya zo na 87. A 1880 aka aika rundunarsu Aljeriya, ya tafi da wata mace wadda ba aure tsakaninsu. Manyansa suka ce ya sallame ta, ya ƙi, aka dakatar da shi daga aiki a 1881 saboda rashin ɗa'a. Danginsa kuwa, ganin yadda yake watsa dukiya, sai da suka sa kotu ta naɗa mai lura masa da kuɗinsa. Daga baya shi da kansa ya shaida cewa a tsakiyar bukukuwan nan, bayan baƙi sun watse, wani irin baƙin ciki da kaɗaici sukan rufe shi.

Abin da ya gani a Maroko

Da ya ji abokan aikinsa sun fita yaƙi a kudancin Aljeriya, ya roƙa aka mai da shi soja, ya kuwa nuna jaruntaka da kula da na ƙasa da shi. A 1882 ya ajiye aikin da kansa domin ya shiga binciken ƙasar Maroko, wadda a zamanin nan Bature ba ya ratsa ta sai a bakin ransa. Ya ɓad da kama ya yi shigar malamin Yahudawa, ya sami wani Bayahude mai suna Mardochée ya zama jagoransa. Daga Yuni 1883 zuwa Mayu 1884 ya yi tafiyar kusan kilomita 3,000, yana rubuta abin da ya gani a wani ɗan littafi da yake ɓoyewa a tafin hannu. Ƙungiyar masana labarin ƙasa ta birnin Paris ta ba shi lambar zinariya a 1885, sunansa ya fita.

Amma akwai abin da ya gani wanda bai shiga taswira ba. Ya ga mutane, talakawa da masu hali, in lokacin salla ya yi su bar kome su sa goshi a ƙasa, sau biyar kowace rana. Ya ga sunan Allah ba ya barin bakinsu. Wannan ya girgiza shi. Shi da aka yi wa baftisma tun yana jariri ya tarar ba ya san yadda ake magana da Mahaliccinsa ba. Ta haka Allah, cikin hikimarsa, ya yi amfani da ibadar Musulmi ya farkar da Kirista mai barci.

Safiyar tuba

A 1886 ya zauna a Paris kusa da danginsa. A cikinsu akwai 'yar gwaggonsa, Marie de Bondy, mace mai ibada da hankali. Ba ta yi masa gori ba, ba ta kuwa ja shi da gardama ba. Ta karɓe shi da ƙauna, tana yi masa addu'a a ɓoye. Charles ya fara tunani cewa addinin da mace mai basira irin wannan take riƙe da shi ba zai zama wauta ba. Ya soma shiga majami'u shi kaɗai, yana zama sa'o'i, yana maimaita roƙo guda: in dai Allah yana nan, to, ya bayyana masa kansa.

A ƙarshen Oktoba 1886 ya je majami'ar Waliyyi Agustin a Paris, ya sami Fada Henri Huvelin a wurin sauraron masu furta zunubi. Ya ce shi ba tuba ya kawo shi ba, yana so ne a koya masa addini, yana da tambayoyi. Fada ya umarce shi ya durƙusa ya furta zunubansa. Ya ja baya, Fada ya sake umartarsa, sai ya durƙusa ya zazzage rayuwarsa duka. Da aka ba shi gafara, Fada ya aike shi nan take ya karɓi Jikin Ubangiji. Yana da shekara 28. Tun daga ranar ya gane cewa in Allah yana nan, ba abin da ya rage masa sai ya rayu dominsa kaɗai. Fada Huvelin ya zama ubansa na ruhaniya har ya rasu a 1910.

Neman wuri na ƙarshe

Charles ya kai ziyara Ƙasa Mai Tsarki a ƙarshen 1888. Abin da ya fi kama zuciyarsa shi ne Nazarat, inda Ɗan Allah ya yi wajen shekara talatin yana aikin hannu ba wanda ya san da shi. A Janairu 1890 ya bar dukiyarsa ya shiga gidan sufaye na ɗarikar Trappist a Faransa, daga nan aka kai shi wani gidansu mafi talauci a Akbes, a yankin Siriya na wancan zamani. Wata rana aka aike shi addu'a gidan wani ma'aikaci da ya rasu, ya ga talaucin gidan ya fi na sufaye nesa ba kusa ba. Zuciyarsa ta ƙi kwanciya. Duk da haka bai tashi da ikon kansa ba. Ya jira shekaru cikin biyayya har shugabanninsa suka sallame shi a 1897.

Ya koma Nazarat ya zama bara a gidan Sistocin Waliyyiya Kilara, yana shara, yana zuwa aike, yana kwana a wata 'yar bukka. Dare da rana yana durƙushe gaban Yukaris Mai Tsarki, yana bimbini a kan Bishara. Sistocin da Fada Huvelin suka ƙarfafa shi ya karɓi aikin firist domin ya kai Yesu inda babu firist. Aka keɓe shi ran 9 ga Yuni 1901 a Viviers, yana da shekara 42.

A cikin hamada

A Oktoba 1901 ya sauka a Beni Abbes, kusa da iyakar Maroko. Ya gina ɗan ɗakin sujada da ƙasa, ya sa farar riga mai alamar jar zuciya da gicciye a ƙirji. Ƙofarsa a buɗe take ga matafiya da marasa lafiya da sojoji da bayi. Burinsa kowa, Kirista ko Musulmi ko Bayahude, ya ɗauke shi ɗan'uwa. Da ya ga hukumar Faransa ta kau da kai ga bautar da mutane, ya rubuta wa manyansa da zafi, ya kuma fanshi waɗansu bayi da kuɗin da danginsa suke aiko masa.

A Agusta 1905 ya gangara kudu zuwa Tamanrasset, wadda a lokacin ƙauye ce mai gidaje wajen ashirin, ya zauna cikin Abzinawa da yardar sarkinsu Musa ag Amastan. Ya ce ba za a iya ƙaunar mutane ba sai an san harshensu. Ya yi fiye da shekara goma yana harhaɗa ƙamus na harshensu da Faransanci, wanda aka buga bayan mutuwarsa cikin littattafai huɗu, masana kuma suna amfani da shi har yau. Ya tattara waƙoƙinsu da karin maganarsu, ya fassara Bishara.

Gaskiya ce Charles ɗan zamaninsa ne. Yana abota da hafsoshin Faransa, yana kuma ganin mulkinsu zai iya kawo alheri in an yi adalci. Ikilisiya ba ta ɓoye wannan ba. Tsarkinsa yana cikin yadda ya bar Bishara tana gyara shi kowace rana.

Shekarar duhu

Gwaji mafi tsanani ya zo a 1907. Ruwa ya ɗauke, yunwa ta shigo, ya rarraba abincinsa har ya ƙare. Dokar Ikilisiya ta lokacin ba ta yarda firist ya yi Mas shi kaɗai ba, ga shi babu wani Kirista kusa, har bikin Kirsimati ya wuce bai miƙa hadaya ba. Ya rubuta ƙa'idar sabuwar ɗarika, ba wanda ya zo ya dawwama tare da shi. Ba Ba'abzine ko ɗaya da ya nemi baftisma. A Janairu 1908 ya kwanta ciwo har ya sa rai da mutuwa.

A nan ne maƙwabtansa Musulmi suka bazu cikin fari suna neman awakin da suke da sauran nono, suka riƙa kawo masa har ya farfaɗo. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Mai bayarwa ya koma mai karɓa, daga ranar kuwa zumuncinsu ya zama na 'yan'uwa sosai. A ƙarshen watan nan kuma izini ya iso daga Roma cewa yana iya yin Mas shi kaɗai.

Mutuwarsa

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tayar da hamada. Charles ya ƙi barin mutanensa, ya gina ɗan sansani na ƙasa domin talakawa su fake. Da yammacin Jumma'a, 1 ga Disamba 1916, a cikin watan da Kawusan ya kewaye Agadas da yaƙi, waɗansu mahara suka yaudare shi ya buɗe ƙofa. Suka ɗaure shi, suka sa wani yaro mai shekara wajen goma sha biyar ya tsare shi. Da sojoji biyu suka ɓullo a kan raƙuma, yaron ya firgita ya harbe shi. Yana da shekara 58. Bayan makonni aka tsinci Yukaris Mai Tsarki a cikin rairayi, kusa da inda ya faɗi.

A idon duniya ya mutu hannu wofi. Amma Ubangiji ya koya mana a Yohanna sura 12 cewa sai ƙwayar hatsi ta mutu a ƙasa take ba da 'ya'ya. A 1921 aka buga tarihin rayuwarsa, ya taɓa zukata da yawa. A 1933 aka kafa Ƙananan 'Yan'uwan Yesu, a 1939 kuma Ƙananan Sistocin Yesu, suka bazu cikin matalauta a ƙasashe masu yawa. Aka sa shi cikin Masu Albarka ran 13 ga Nuwamba 2005, Paparoma Francis kuma ya sa shi cikin Waliyyai ran 15 ga Mayu 2022.

Abin koyi gare mu

Na fari, tuba. Charles ya je da tambayoyi, Fada ya nuna masa cewa zuciyarsa ce take da nauyi. Mu nawa muke fakewa da gardama ko yawan aiki, shekara ta zagayo ba mu zo Sakramentin Tuba ba? Bai jira ya gyara kansa tukuna ba. Ya durƙusa yadda yake, kamar ɗan nan ɓatacce na Luka sura 15, alherin Allah ya yi sauran.

Na biyu, addu'a. Addu'arsa ta fari ta mai shakka ce, gajeriya, Allah kuwa ya ji ta. Kada kowa ya ce zunubinsa ya yi yawa ko bangaskiyarsa ta yi kaɗan har ba zai iya buɗe baki ba. Ku kuma iyaye mata, musamman na Zumuntar Mata, da kuke kuka saboda ɗa ko miji da ya bauɗe, ku dubi Marie de Bondy. Haƙurinta da addu'arta sun yi abin da faɗa ba zai yi ba. In kuma kiran sallar asuba ya tashe mu, bari ya tuna mana mu ma mu durƙusa gaban Ubanmu.

Na uku, dogara ga Allah. Sananniyar addu'ar nan ta miƙa kai ga Uba an ciro ta ne daga bimbininsa a kan kalmomin Yesu na ƙarshe a kan gicciye, a Luka sura 23. Ya rayu da ita cikin yunwa da ciwo da kaɗaici, bai ga amfanin gonarsa da idonsa ba. Katekis da yake wahala a ƙauye mai Kirista goma, da iyalin da tashin hankali ya raba da gidansu, da wanda yake maƙwabtaka da mai wani addini cikin tsoro da zargi, duka suna da mai roƙo dominsu a sama. Namu shuka ne da aminci. Girbi na Ubangiji ne, a lokacin da ya ga dama.

A wannan lokaci na shirin zuwan Almasihu, bari kowannenmu ya nemi firist ya sauke kayansa, ya keɓe ɗan lokaci kowane mako gaban Yukaris Mai Tsarki, ya kuma nemi maƙwabci guda, ko wane ne addininsa, ya yi masa alheri saboda Yesu.

Waliyyi Charles de Foucauld, ka yi addu'a dominmu. Amin.